Tawada a Gidan Attajiri

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore wa ɗan Adam alƙalami, ya sa baƙin ruwa a kan farar takarda ya riƙe abin da ƙirji ke saki. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya fita fatauci Sham da dukiyar Nana Khadija, mutanen Makka suka san shi da amana tun kafin su san shi da annabci, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar da za a buɗe littattafai.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, kalmar nan wasiƙa da muke faɗa kullum tana da nauyin da muka manta. Balarabe idan zai aika wa abokinsa saƙo a rubuce, risala yake cewa. Wasiƙa a wurinsa takarda ce da ake ɗaure magana da ita, ta bashi ko ta ciniki ko ta alkawari, kuma tushenta kalmar amincewa ce da ƙarfin ɗauri. Kakanninmu suka ɗauki wannan ta biyun suka sa wa kowace takarda da mutum ya aika wa wani. A ganina hakan bai rasa nasaba da waɗanda suka fi kowa aika takarda a ƙasar nan: sarakuna da malamai da fatake. Su ukun nan idan sun tsoma alƙalami a tawada, magana za su ɗaure.

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi idan an yanka masa lokaci, ƙarami ne ko babba, a sami marubuci mai adalci, a kafa shaidu. Ta sassauta a kan cinikin hannu da hannu, ayar da ke biye kuma ta ba matafiyin da bai sami marubuci ba damar karɓar jingina. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a kan mustahabbi, Imamu Ɗabari ya ɗauke shi a kan wajibi, kuma wannan saɓani yana nan a littattafan tafsiri ga mai bukata. Abin da ya zaunar da ni wata 'yar gaɓa ce a tsakiyar ayar, wadda mai tilawa kan wuce da sauri: wanda ake bi bashi shi ne zai yi wa marubuci shifta. Mai kuɗi yana zaune yana ji, amma bakin na wanda ake bi ne. Iƙirari ne yake yi a kan kansa, kuma shi ne mai rauni a zaman. In an bar wa mai ƙarfi dukiya da alƙalami da baki gaba ɗaya, me ya rage wa ɗayan? Ka riƙe wannan gaɓa, domin da ita zan auna takardun da ke tafe.

Daga cikin abin da ya tsira na wasiƙun fataken da suka yi hulɗa da Kano akwai waɗanda aka adana a Gadamas, garin nan na bakin hamada a ƙasar Libiya ta yau. A 1982 Bashir Ƙasim Yusha'u ya buga wasu daga cikinsu a Tarabulus, na tsakanin shekarar 1228 da 1310 bayan Hijira, wato kusan ƙarni na 19 duka. Gidan Bagadamashe shimfiɗe yake a kan hamada kamar tabarma: uba a Gadamas, ɗa a Gat, ƙane a Kano ko Tumbuktu, suruki a Tarabulus ko Tunis. Mutanen da jini ya haɗa, tafiyar watanni ta raba, ba abin da ke riƙe da su sai takarda. Na Kano a unguwar Dandalin Turawa suke zaune, kuma sunan unguwar ya girmi zuwan Ingilishi, don a bakin mutanen da, Larabawan arewa ne Turawa. Ita kanta takardar baƙuwa ce. In ka ɗaga tsohon shafi ka duba shi a hasken rana, sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku a jikinsa, tambarin masana'antun arewacin Italiya, ta biyo raƙumi daga bakin teku.

Me ke ciki? Gashin jimina da hauren giwa da ƙirgi masu tafiya arewa, alharini da tsakiya da sukari masu zuwa kudu, farashin kowanne a kasuwa kaza, wane ya biya, wane ya yi shiru. Da kukan wanda ya saye gashin jimina da tsada ya iske kasuwarsa ta faɗi a Turai, domin an fara kiwon jimina a gonakin Afirka ta Kudu. Akwai kuma abin da ba na iya wucewa ban tsaya ba: a cikin jerin kayan, da alƙalami ɗaya da tawada ɗaya, akan sami bawa da baiwa, da kuɗinsu a gefe. Wanda aka rubuta ɗin ba a tambaye shi shifta ba. Mai wasiƙar ya buɗe da sunan Allah, ya rufe da addu'a, bai ga komai a tsakani ba. Takardarsa ta riƙe duka biyun, ba ta ɓoye masa ko ɗaya ba. Allah ya yafe mana abin da zamaninmu ya hana mu gani.

Ginin wasiƙar ciniki sananne ne, kuma wanda ya taɓa riƙe guda ya riƙe ɗari. Na riƙe wata a zauren wani dattijo, an naɗe ta har ta koma kamar laya, gefenta ya sha gumin wanda ya ɗauko ta. Bisimilla a sama, sai salati, sai daga wane zuwa wane da gaisuwa mai yawa da girmamawa daidai matsayin mutum, domin gaisuwar ƙane ga wa dabam, ta bara ga ubangida dabam. Sai "bayan haka", a nan ne tsokar take. Farkon abin da ake faɗa shi ne wace takarda ta iso da hannun wa, wacce aka aika da ayarin wa, domin hanya tana cin wasiƙa kamar yadda take cin jaki, mai hankali kuwa yakan maimaita maganarsa a takarda biyu ya raba wa matafiya biyu. Sai lissafi: abu kaza ya iso, kaza ya lalace, an sayar da kaza, la'adar dillali kaza, fito da kuɗin hanya kaza, saura kaza yana hannuna amana. A ƙasa, inda wuri ya ƙure har rubutu ya karkata ya bi gefen shafi, nan ake cusa labarin gida: wance ta haihu, wane ya rasu, a gai da tsohuwa, a sa yaro makaranta. Ni wannan gefen ya fi kama min zuciya. Attajiri ya ba dukiya tsakiyar shafi, ya ba iyali gefe, amma da za ka tambaye shi zai ce don na gefen yake wahalar na tsakiyar.

Kada ka ɗauka al'ada ce kawai ta ba wannan takarda ƙarfi. Fiƙihun Malikiyya da almajiri ke karanta a Risala da Muhtasar, da alƙali ke dubawa a Tuhfa, shi ne ƙashin bayanta. A wancan zamani yawancin fatauci mai nisa a kan ƙiradi yake tafiya: wannan ya ba da jari, wancan ya ba da ƙafa, riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi, asara kuwa a kan mai jari matuƙar ɗan aike bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba. Ɗan aiken amintacce ne a idon shari'a, in ya ce kaya sun halaka maganarsa ake karɓa. To, mai jari da ke zaune a Kano ba shi da ido a Salaga ta ƙasar Gwanja, sai abin da wasiƙa ta gaya masa. Sannan mazhabar Imamu Malik ta fi sauran faɗi wajen karɓar shaida a kan rubutun hannu: in mutum ya mutu ko ya yi nisa, adilai biyu da suka san hannunsa suna iya shaida cewa rubutunsa ne, alƙali ya yi hukunci. Har takardar nan da mutum ke ba da kuɗi a wani gari ya karɓa a wani, wadda ake kira suftaja, malamanmu sun hana ta don gudun rance mai jawo amfani, amma suka buɗe ƙofa idan tsoro ya game hanya. Wace hanya ce tsakanin Kano da Gwanja tsoro bai game ba?

Hanyar Gwanja ta goro ce, ta Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ayari ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta abin da ke bukatar rubutu. Goro kaya ne mai rai. Sai an kwance huhu an tsince mai sankara, an yayyafa ruwa, an sake naɗewa da ganye, kuma wanda ya riga wani sanin cewa daushe ya yi ƙaranci a kasuwar Kurmi ya riga shi riba. Ba mamaki a wannan hanya aka sami wanda ya zauna ya tsara ilimin wasiƙa. Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano a 1858, ɗan gidan fatake, wanda ya zauna Salaga kafin yaƙin basasarta na 1892 ya tura shi Kete Karachi inda ya rasu a 1934, ya wallafa littafinsa As-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa a 1877, bai cika shekara 20 ba. Samfurin wasiƙu ne, yadda ake buɗewa da yadda ake rufewa da abin da ya dace da kowane mutum. Yaro bai zauna yin irin wannan aiki sai ya ga masu nema.

A shekarar da aka rubuta littafin nan aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, cikin Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta koma Akara, wata baiwa mai suna Tata ta rene shi, sunanta ya bi shi har ya rufe na uba. Masu ba da tarihinsa sun ambata cewa a yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 an kama shi da 'yan'uwansa, sai da aka yi fansa. Ka duba ikon Allah: wanda aka taɓa yi wa kuɗi, shi ne ya zo ya fi kowa kuɗi a garin. Ya bi hanyar Gwanja kamar iyayensa, amma ya ga abin da wasu ba su gani da wuri ba. Wajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Akara da Sakandi zuwa Ikko. Kafin nan Ingilishi sun ci Kano a Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. A 1911 ɗin kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus, hanyar hamada da ta daɗe tana jinya ta kwanta. Cikin shekara 10 raƙumi ya bar wa jirgin ƙasa, wuri ya bar wa sule da fam, ɗan aike ya bar wa gidan waya.

Turawan mulki auduga suka so. Manomin Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi, ga haraji da ake nema da tsabar kuɗin Ingilishi, ga masana'antun Turai suna neman mai. Kamfanoni suka iske buhuna sun cika tasha, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Dole suka nemi waɗanda ke da yara a kowace kasuwa tun zamanin goro: Umaru Sharubutu, Maikano Agogo, Adamu Jakada, da Ɗantata, wanda ya yi hulɗa da Kamfanin Neja, kamfanin da a 1929 ya haɗe da wani ya zama UAC. Labarin raƙuma 20 na tsabar azurfa da Ɗantata ya kai bankin Ingilishi a wannan shekara ya shahara a Kano har yau. Mutane raƙuman suke ƙirgawa. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗan guntun shafin da aka miƙo masa a madadinsu, ya karɓa ya juya.

A nan gidan attajiri ya wayi gari da takarda iri biyu. Ta farko mai hawa sama ce, zuwa kanti da banki da ofishin jirgi da gidan waya. Da Ingilishi ake rubuta ta, daga hagu zuwa dama, da kwanan watan Nasara, babu bisimilla babu gaisuwar iyali, sai lamba da sa hannu. Mai rubuta ta akawu ne, kuma a farkon zamanin yawancin akawuna baƙi ne daga kudu ko Gwalkwas ko Saliyo, mazauna Sabon Gari, domin makarantar boko ta Ɗan Hausa a Nasarawa sai 1909 aka buɗe ta, kuma 'yan kaɗan ta ɗauka. Ta biyu mai gangarowa ƙasa ce, zuwa wakili a Ikko, zuwa ɗan'uwa a Kumasi, zuwa yaran gida da aka rarraba kasuwannin ƙauye da jakar kuɗi da gishiri da yadi. Da Larabci ko ajami ake yin ta, da hannun malamin gida, a kan tsohon gini, gaisuwa da addu'a ba a rage komai ba.

To, wa ke shifta a kowacce? A ta sama kamfani ne. Shi ya ba da kuɗin gaba, shi ya buga takardar tun kafin a zauna, shi ya yanka farashi bisa wayar da ta zo masa daga Landan ko Libaful, kuma manyan kamfanonin sukan haɗa baki don kada su yi wa juna tsada. Wanda ake bi nasa shi ne ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a ƙarƙashin maganar da bai faɗa ba, da harshen da bai ji ba. An kife ayar kenan. Gidan da ya tsira a wannan zamani shi ne wanda ya ƙi zama makaho a gaban takardar sama: ya ɗauki akawunsa na kansa, ya ajiye nasa littafin lissafi kusa da na kamfani, ya sa wasu 'ya'yansa suka haɗa allo da boko. Da farashin gyaɗa ya rushe bayan 1929, an ga bambancin wanda ya san abin da ya sa wa hannu da wanda aka karanta masa.

A ta ƙasa kuwa abin ya fi kusa da ayar, amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Yaron gida yana rubuto wa ubangidansa da bakinsa cewa kaza ke hannuna, kaza nake da shi a wuyana, wannan shifta ce ta wanda ake bi, kuma harshensu ɗaya, alƙalinsu ɗaya. Sai dai bara ba ya ja da ubangida, gidan da yake ciki na ubangidan ne, wata ƙila aurensa ma shi ya yi masa. Kunya tana iya rufe baki fiye da Turanci. Abin da ya sassauta shi ne kunyar ta kama kowane ɓangare: attajirin da ya tsananta wa yaronsa a shekarar asara, zancen zai riga shi isa masallaci.

Daga yaron gida zuwa manomi, a nan tawada ke ƙarewa. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, mai haraji yana tafe, manomi yakan karɓi kuɗi a kan gyaɗar da ba ta nuna ba, abin da ake kira falle. Shari'a ba ta rufe wannan ƙofa ba, ciniki ne na salam, kuma Malikiyya sun yarda a yanka masa lokaci da kaka. Amma ta kewaye shi da sharuɗɗa: a ba da kuɗin a take ko cikin kwana 3, a san nau'i, a san mudu. Bashi ne mai ajali, irin wanda ayar ta sauka a kansa kai tsaye. Shi ne kuma aka fi barin sa a baki. Babu marubuci, babu shaidu sai 'yan zaman gindin bishiya, ranar awo kuma sikeli yana hannun mai saye. Dalar gyaɗar da aka tara a Kano, wadda a da ake ɗaukar hotonta ana alfahari, kowane buhu a cikinta yana da lamba a littafin kamfani, yana da ambato a wasiƙar attajiri, amma sunan wanda ya yi noma da cira da ɓara ba ya ko ɗaya. Ban faɗi haka don in tuhumi wani gida ba, cikin masu saye akwai masu tsoron Allah da suka cika mudu ba mai kallo. Ina faɗin yadda aka gina tsanin ne: kowane mataki yana da takarda, ban da na ƙasa wanda ya ɗauki nauyin sauran.

Alhaji Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari, Allah ya jiƙansa da rahama. An ruwaito cewa da ciwo ya yi tsanani ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da haɗin kai da riƙon kamfanin da kula da dangi, kuma cikin waɗanda ya kira har da mai riƙe da lissafin gidan. Wannan daidai yake da tsarin shari'a, domin dukiyar mamaci ba ta isa hannun magada sai ta ratsa ƙofofi: likkafani, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. A gidan ɗan kasuwa akwatin takardu ake fara buɗewa kafin na kuɗi. A zauna da malamai, a ware wasiƙun Ikko dabam, na Kumasi dabam, rasiɗan kamfani da na banki a miƙa wa mai boko, na ajami a miƙa wa wanda ya san hannun marubucin, a karanta a fili: wannan namu ne a wurin wane, wannan na wane ne a wurinmu.

Tun a maƙabarta ma, kafin mutane su watse, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya ɗaga murya ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami wane. Masu takarda sukan zo da takardarsu a aljihun gaba, a duba a biya. Bayan kwana biyu ko uku sai a ga wani tsoho ya sauka daga motar ƙauye, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya yi gaisuwar rashi, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce akwai 'yar magana tsakaninsa da marigayi tun shekarar fari, ba a rubuta ba. Sai babban ɗa ya dubi malam, malam ya jawo tawada ya gyara zama, ya ce: to baba, faɗi, ina rubutawa.